Gwaggon da Ta Koya Mini Ɗaga Ido

Ranar da Gwaggo ta rasu, kafin la'asar layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya toshe. Masu adaidaita sahu sai su sauke mutane a bakin titi su ce a ƙarasa da ƙafa. Yawancin masu saukowar mata ne, da fararen kayan aiki a ƙarƙashin hijabi, sun taso daga asibiti ko gida ba su biya ba. Mahaifina, wanda shi ne ƙaninta, yana zaune a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, can ya kira ni gefe ya tambaye ni wai duk waɗannan Yaya ce ta koyar da su. Na ce masa waɗannan ma na kusa ne, na nesa sai gobe. Ya jinjina kai. Shi a saninsa, yayarsa malama ce mai koya wa yara yin allura, shi ke nan.

A cikin gida kuwa zaman makokin ya ƙi zama yadda aka saba. Za a yi addu'a a shafa, a yi jugum, sai wata ta tuno wani abu ta fara ba da labari, kafin ka ankara ɗaki ya ɗauki dariya, daga dariyar kuma a koma share hawaye da gefen mayafi. Wata babbar sista, wadda yanzu ita ke riƙe da ɗakin haihuwa guda, furfura ta cika mata kai, ta ce ita har yau idan za ta sa wa mutum ƙarin ruwa sai ta ji kamar Malama tana bayanta da kyamarar nan. Wata ta ce ita muryar take ji, ana cewa a maido baya. Nan fa kowa ya kama, domin sunan da ɗalibai suka sa mata ke nan a ɓoye, Malama A-Maido-Baya, kuma ta sani sarai.

A rana ta uku wasu daga cikinsu suka roƙe ni in nemo musu kaset ko guda ɗaya da take ciki, su kai a juya musu a waya. Na san abin da zan tarar, amma na buɗe akwatin da take ajiye su don su gani da idonsu. Kaset-kaset ɗin suna nan a jere, duk a goge. Dokarta ce tun farko: abin da aka ɗauka a aji, a kalla a aji, sannan a goge a gaban mai shi. Matar da ta ɗauki ɗalibai aji bayan aji ba ta bar ko motsin hannunta a kaset ba. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda ni a gidanta na zauna, kuma ni ce na fi kowa shan wuyar kyamarar nan.

Gwaggo malama ce a makarantar koyon aikin jinya. Doguwa ce, ba ta da jiki, tana ɗaura agogon maza mai hannun daƙiƙa, tana shan shayi ba sukari. Ba ta son jin ana jan silifas a ƙasa, ba ta son dogon farce, ba ta son a ce mata "na gane." Idan ɗaliba ta ce ta gane, sai ta ce, "To tashi ki nuna mini." Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kama sunana ba tun da aka haife ni, sai dai ta ce Uwata. Ko a aji haka take kirana, ko da kuwa faɗa za ta yi mini, kuma faɗan ba ya raguwa saboda sunan.

Kyamarar ta shigo gidanmu ne bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da ma'aikata suka ɗan ji sauƙi a albashi. Abokan aikinta wannan ta sayi firji, waccan ta canja kujerun ɗaki. Ita kuwa ta tafi wajen wani mai ɗaukar bidiyon biki a Tarauni ta sayi tsohuwar kyamararsa ta hannu, irin wadda ake zura tafin hannu a cikin maɗauri a kanga ido ɗaya. Maƙwabta suka ɗauka sana'ar biki za ta fara. Ta kwana biyu tana ɗaukar kajin gida da tulun ruwa har hannunta ya daina rawa, sannan ta sa ta a jaka ta nufi makaranta.

Abin da ya dame ta, kamar yadda ta sha faɗa, shi ne ɗalibai suna cika takarda da amsa mai kyau, amma idan aka kai su gaban gado sai hannu ya manta abin da kai ya haddace. In ka gaya wa yarinya ta taɓa auduga da hannun da ta taɓa ƙarfen gado, za ta rantse ba ta yi ba, kuma ba ƙarya take yi ba, ba ta sani ba ne. Sai ta raba mu uku-uku. Ɗaya ta zama nas, ɗaya ta kwanta a matsayin marar lafiya, ɗaya ta riƙe kyamara. In an gama a jona a talabijin ɗin makaranta, in an ɗauke wuta a tayar da janareto, aji ya zauna ya kalla. Ita ba ta cewa komai sai "a maido baya," har sai mu da kanmu mun gano inda aka kauce. Marar lafiya na gaskiya kuwa ba ta taɓa yarda an ɗora masa kyamara ba.

Ranar farko babu wanda ya buɗe baki. Wa zai tona asirin ƙawarsa a gaban malama? Da ta ga haka, washegari ta miƙa wa wata kyamarar ta ce a ɗauke ta ita tana wanke ciwo a jikin mutum-mutumin roba da muke koyo da shi. Ta yi kuskure uku da gangan, ta ce ba mai fita cin abinci sai an nemo su. Yunwa ta sa muka nemo huɗu. Na huɗun ba da gangan ta yi shi ba, ta manta ba ta cire zobenta ba. Ta sa aka maido baya sau biyu, ta kalli hannunta a talabijin, ta ce wallahi gaskiyarku, shekara ashirin tana hana mutane abin nan. Ta zare zoben a gabanmu, ban sake ganinsa a hannunta ranar aiki ba.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Lokacin finafinan Hausa suna tashe, kuma a wurin iyaye da yawa duk wanda ya riƙe kyamara ɗan fim ne. Wata Asabar wani dattijo ya zo daga Babban Giji, ya yi sallama a ƙofar gidanmu ransa a ɓace, wai ya ji ana sa 'yarsa a fim, shi karatu ya turo ta. Gwaggo ba ta yi musu da shi ba. Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka fito da talabijin da kaset ɗin makon da ba a kai ga gogewa ba, ta ce ya dawo da 'yar tasa su kalla tare, don ba ta nuna kaset ɗin kowa a bayan idonsa. Ya ga yarinyarsa tana naɗe ƙafar roba da bandeji, a natse, lulluɓinta tsaf. Da kaset ya ƙare ya yi gyaran murya ya tambaya ko ana iya maido shi baya. Sau uku ya kalla. Da zai tafi ya ce ita ce ko shayi ba ta iya haɗawa a gida ba tare da ta zubar ba.

Ni tawa matsalar daban ce, kuma babba ce. A ƙauye na tashi a hannun kakata ta wajen uwa, wadda ta yi mini tarbiyyar da har gobe nake gode mata. A gidanta yarinya ba ta kallon babba a fuska. In babba yana magana, idonki a ƙasa, ki ce to. Na iso Kano da wannan, kowa yana yabona, wai ga yarinya mai kunya. A takarda ba na wuce ta uku a ajinmu. Amma jarrabawar aiki a gaban gado, wadda malamai daga waje suke zuwa su tsaya a kanka, na faɗi. Saura mini dama ɗaya. In na sake faɗuwa za a sallame ni, in koma ƙauye da akwatina, shekara uku sun tafi a banza. Abin haushin, ban san laifina ba. Na wanke hannu, na jera kaya daidai, na faɗi duk abin da ake faɗa.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, direban bas ne da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya, muna kiransa Baba Direba. Gwaggo takan ɗauke shi zuwa makaranta ya kwanta mana a matsayin marar lafiya, ta saya masa goro da abincin rana. Shi kuwa abin nema ya samu, don mutum ne mai son wasa. Ranar da layi ya zo kaina, aka ce in auna masa jini in yi masa bayanin yadda zai sha magani. Ban san ta ja shi gefe ta kitsa masa wani abu ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi aikina, na zuba bayani tiryan-tiryan. A raina na ce yau ko Gwaggo ba ta da abin cewa.

Aka kunna talabijin. Ga ni nan ina magana da tayil ɗin ƙasa, muryata gwanin daɗi. A saman kaina kuwa Baba Direba yana yamutsa fuska, ya dafe ƙirji, ya buɗe baki yana neman iska, ya juya ido, daga ƙarshe ya saki wuya gefe guda ya zaro harshe. Ni kuma a daidai lokacin nake cewa, "Baba, sai ka riƙa sha bayan ka ci abinci." Ajin ya tarwatse da dariya, har da masu faɗowa daga benci. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce a maido baya. Aka maido, aka sake yin dariyar.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Na koma gida na haɗa kayana a jaka na tafi Unguwar Gano wajen yayata, ko sallama ban yi mata ba. A makaranta in na hango ta sai in canja hanya. Na gaya wa yayata cewa Gwaggo ta mayar da tarbiyyata abin dariya, ta haɗa baki da tsohon banza ta tozarta ni a gaban sa'o'ina. Har yau ina ganin ina da gaskiya a rabin maganar. Na yi sati uku a can, jarrabawa tana matsowa, ni kuma na daina ko buɗe littafi.

Wata Lahadi da hantsi sai ga ta a kan acaɓa, ta rungume jakar kyamara kamar jaririya. Gwaggo da ta tsani acaɓa. Ta gaisa da yayata, ta sha ruwa, ta ce a ba mu wuri. Na zauna a ƙasa, idona a kan tabarma, na shirya jin faɗa.

"Uwata, na yi miki laifi," ta ce. "Ya kamata ki fara gani ke kaɗai kafin aji ya gani. Ki yafe mini wannan. Amma abin da kika gani a talabijin ɗin nan gaskiya ne, shi ba zan ba ki haƙuri a kansa ba."

Ban taɓa jin babba ya nemi yafiyar yaro ba sai ranar. Na fashe da kuka na ce mata ni ba zan iya ba, in na ɗaga ido na kalli dattijo sai in ji kamar na zage shi. Ta ce ta sani, ita ma a irin gidan ta tashi, kuma ba ta ce in zubar da kunyata ba, ita da ko sunana ba ta iya faɗa. Amma marar lafiya, in ji ta, musamman tsofaffinmu, bakinsa alhamdulillahi kawai zai ce miki ko da ransa ake zarewa. Abin da yake ji yana kan fuskarsa, kuma in nas ba ta duba wurin ba, babu mai dubawa. Ta ajiye mini jakar a gabana ta ce daga yau ni ce mai ɗauka, ba wadda ake ɗauka ba.

Na bi ta muka koma gida. Kullum bayan la'asar Baba Direba zai zauna a zaurenmu, ni in kanga ido a kyamara, Gwaggo tana yi masa tambayoyi a kan ciwon bayansa da tafiye-tafiyensa na da. Abin mamaki, ta cikin ɗan gilashin nan ban ji nauyin komai ba. Ai ba shi nake kallo ba, aiki aka sa ni. A nan na fara sanin cewa idonsa na hagu yana da yana, cewa in zai miƙe sai ya cije leɓe kafin ya ce lafiya lau, cewa in ya gaji da zama hancinsa ne yake fara yin gumi. Mutumin da na yi shekara uku ina gaisarwa kullum, da na gamu da shi a kasuwa ba hula ba zan gane shi ba. Daga baya ta sa na ɗauki mahaifina da ya zo ziyara, ta sa na ɗauke ta ita kanta tana tsintar shinkafa, muka kalla muka goge.

Bayan kwana goma ta ce in sauke kyamarar zuwa ƙirjina, in bar ta tana ɗauka, ni in kalle shi da idona. Hoton ya fito a karkace, rabin kan Baba Direba a yanke, amma na iya daƙiƙa biyar kafin idona ya gudu ƙasa. Washegari na yi goma. Shi kuma tsohon ba ya taimakona ko kaɗan, da na ɗago sai ya kashe mini ido ɗaya ko ya kumbura kumatu, in yi dariya, kunyar ta ragu. Tun daga lokacin ta canja dokar aji: duk wadda aka ɗauka, ita za ta fara kallon kanta ita kaɗai, sannan ta zaɓi ko aji ya gani. Ɗaliban da suka zo bayanmu ba su san a kaina aka sayo musu wannan sauƙin ba.

Ranar jarrabawa Litinin ce. Gwaggo ba ta cikin masu dubawa, ta ma ƙi zuwa makarantar gaba ɗaya don kada a ce ta sa baki. Aka kai ni ɗakin maza, gadon wani dattijo mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa. Aikina in wanke ciwon in naɗe cikin lokacin da aka yanka mini. Malamai biyu suna tsaye da takardu. Na jera kayana, na wanke hannu, na rusuna na gaishe shi, ya ce alhamdulillahi. Sai na ɗaga kai na dube shi.

Gumi ne a saman leɓensa da goshinsa, alhali fanka tana juyawa a kansa. Idonsa yana kaina amma kamar ba ni yake gani ba, yatsunsa suna rawa a kan zanin gado. Na tambaye shi ko ya karya. Ya ce alhamdulillahi. Na matso na sake tambaya a hankali, ban ɗauke idona ba. Sai ya ce mini, ƙasa-ƙasa, shi bai taɓa barin azumin Litinin ba shekara da shekaru, da aka tambaye shi da safe kafin a yi masa allura ya ce ya ci, don kada a hana shi. Na ture tiren wanke ciwo gefe, na kira sistar ɗakin, aka auna shi aka ga sukarinsa ya yi ƙasa sosai. Na jiƙa sukari a kofi na tallafo kansa, ina lallashinsa cewa Allah da ya ɗora masa ciwon Ya san da uzurinsa. Da ƙyar ya sha. Kafin ya dawo daidai lokacina ya ƙare, ko bandejin tsohon ban kwance ba. Malaman suka yi rubutu a takardunsu, ɗaya ta ce ina iya tafiya.

Na fito na kama hanyar gida. A bas ina kuka ina lissafin yadda zan gaya wa mahaifina. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana gyaran zogale a faranti. Na tsaya a kanta na ce mata ban yi aikin ba, ko taɓa ciwon ban yi ba, na faɗi. Ba ta ɗago ba. Ta ce in zauna, sannan ta tambaye ni, "Yaya fuskarsa take?"

Na ce baƙi ne siriri, yana da tsaga uku-uku a kumatu, gemunsa fari amma gashin bakinsa da sauran baƙi, haƙorinsa na gaba ɗaya ya karye. Na ce gumi ya fara masa daga leɓe, kuma da sukarin ya kama shi kunnuwansa ne suka fara motsi kafin ya yi murmushi. Ina cikin faɗa na ga ta ajiye farantin. Ta dube ni, ni ma na dube ta, karo na farko a rayuwata ba kyamara a tsakaninmu, na ga idonta ya cika da ruwa.

"To me kike wa kuka, Uwata?" ta ce. "Su rubuta abin da suka ga dama. Ni dai yau na yaye nas. Tashi ki ɗora mana ruwan shayi."

Sakamako ya fito bayan sati biyu, sunana yana cikin waɗanda suka ci. Na kawo mata labari da gudu, ta ce to madalla, ta kuma ce in daina jan silifas. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina aikin nan, yanzu ni ma ina da ɗalibai, kuma kowacce da kyamara a cikin wayarta. Duk shekara sai na samu yarinya ɗaya ko biyu 'yan gidan mutunci masu magana da tayil. Ba na yi musu dariya, ba na bari a yi musu. Nakan miƙa musu wayar in ce su ne masu ɗauka.

Allah Ka dubi Gwaggo da idon rahama, kamar yadda ta koya mana duban bayinKa. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da mahaifiyarta da ta ƙi kama sunanta har ta koma gare Ka. Mu kuma da muka rage a bakin gadaje, Ka ba mu ikon riƙe abin da ta bar mana. Amin.